Diflomar da Ambaliya Ta Ci

A Haɗeja in ka ci amanar mutum kana neman wanda zai ɗauki laifin, kada ka wahalar da kanka, ga kogi nan. Tun shekarar da ruwa ya fasa jinga ya shigo unguwanni, babu abin da ba a ɗora masa ba. Ka ari tukunya ba ka mayar ba, ambaliya. Tela ya ɓata maka shadda, ambaliya. Akwai wani a layinmu da matarsa ta kama lambar wata a wayarsa, wallahi cewa ya yi ruwa ne ya shiga wayar. Da kogin nan yana da baki da tuni ya kai mu ƙara.

To a cikin kayan da aka ce ya ci har da diflomar Radiyya Shu'ibu.

Radiyya 'yar gidan marigayi Malam Shu'ibu ce a Gagulmari. Noma ta karanta, ba na allo da alli kawai ba, na shiga fadama da takalmin roba har gwiwa. Ta gama, ta dawo gida, shekara uku tana suyar awara a ƙofar gida tana korar ƙuda. Sai wani sabon kamfanin casar shinkafa a hanyar Kano ya ce yana neman mai gwada damshin shinkafa kafin a saya daga hannun manoma. Mutane suka cika harabar kamar ana rabon taki. Da aka zo kanta aka zuba mata shinkafa a tafin hannu, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ciza, ta ce, "Wannan ba ta bushe ba, tana neman rana ta kwana biyu." Aka zuba a na'ura. Na'ura ta ce yarinyar nan ta fi ni gaskiya. Nan take aka ce ita aka ɗauka.

Daga nan aka tura ta ofishin Malam Abdulganiyyu, mai kula da ɗaukar ma'aikata. Siririn mutum ne, biro uku a aljihun gaba, irin wanda ko sallama ka yi masa sai ya nemi ganin orijinal.

"Malama Radiyya, kin ci aiki, amma ba ki fara aiki ba," ya ce. "Tsakaninsu akwai wannan." Ya miƙo mata takarda yana karantawa da ka. "Takardar haihuwa. Shaidar ƙaramar hukuma. Katin NIN. Ƙaramin hoto guda huɗu, bayansa fari, ba mai filawa ba. Takardar likita. Fom ɗin masu tsaya miki, mutum biyu. Sakamakon sakandare. Sai difloma. Kowanne orijinal, in gani da idona, in taɓa da hannuna, in yi fotokwafi in mayar miki abinki."

"Ranka ya daɗe, takardar yaye fa? Ita ma in zo da ita?"

Bai yi dariya ba. Sai da ya karɓi jerin ya duba tun daga sama har ƙasa.

"Ba ta ciki. Yau Litinin. Litinin mai zuwa ƙarfe goma nake rufe fayil. In ba ki cika ba akwai na biyu a bayanki, shi har ya yi wa nasa leda."

Radiyya ta hau adaidaita tana murmushi ita kaɗai, har direban ya riƙa leƙenta ta madubi yana zaton shi ne.

A gidansu, kamar gidaje da yawa a garin nan, takarda ba ta zama a hannun mai ita. Tun da Malam Shu'ibu ya rasu aka tattara komai, takardar gida, ta gona, ta makarantar kowa, aka zuba a adakar ƙarfe aka kai ɗakin babban ɗa. Babban ɗa shi ne Yaya Sunusi, mai shagon taki da maganin feshi a bakin kasuwa, mai tumbi da casbaha mai ƙirga kanta. Makullin adaka yana wurinsa, kuma ba a tambayar babba ina ya ajiye makulli.

Ta same shi a tsakar gida yana fama da kan kifi.

"Yaya, na samu aiki! Kamfanin shinkafa!"

Mahaifiyarsu Inna ta saki guɗa daga madafa. Matarsa Anti Amira, da ke zaune tana shafa wa ƙafa mai, ta ce "Iye!" Shi kuwa ya ce "Alhamdu lillahi" da irin muryar wanda aka gaya wa an ƙara kuɗin fetur.

"Takarduna nake so, Yaya. Orijinal suka ce. Har da difloma."

Ya tsaya da tauna. Anti Amira ta tsaya da shafa mai.

"Makullin yana aljihun wandon da na kai wanki," ya ce. "Gobe."

Talata Radiyya ta wuni a sakatariyar ƙaramar hukuma. Sai da ta fara zuwa wurin mai unguwa ya shaida cewa ita 'yar garin ce, mutumin da ya ci naman sunanta. Ta yi layi, ta samu shaida. Ta je wurin mai hoto, ya ce ta daina murmushi ba biki ba ne. Da ta dawo gida wando ya dawo daga wanki, amma Yaya Sunusi ya tafi gona duba injin ban ruwa.

Laraba asibiti. Likita bai ɗago kai ba. "Kina tari? Kina gani? Kina faɗuwa?" Ya buga hatimi. Ta bi wani tsohon malaminta na sakandare da limamin unguwa suka sa hannu a fom ɗin tsayawa. Ta biya wurin tela ta karɓo sabbin hijabai biyu da ta bayar a ɗinka mata na zuwa aiki, ɗaya ruwan toka, ɗaya ruwan ƙasa. Da ta dawo Yaya Sunusi yana nan, makulli yana nan, amma kansa na ciwo, ba ya son ƙarar ƙarfe.

Alhamis ta zauna a ƙofar ɗakinsa tun da ya dawo daga sallar asuba. Ta ce ba ta tashi. Da ya ga yarinyar nan da gaske take, ya jawo adaka yana tsaki ya buɗe.

Komai na nan a bushe ƙayau. Takardar gona. Rasit ɗin mashin ɗinsa. Katin rigakafin da aka yi wa Radiyya tana jaririya. Takardar haihuwarta, sakamakon sakandarenta. Ta juye adakar ƙasa, ta bi takardu ɗaya bayan ɗaya har sau biyu. Difloma ce kaɗai babu.

"Inna lillahi," in ji Yaya Sunusi yana girgiza kai. "Ambaliya."

"Ambaliya?"

"Kin manta ruwan da aka yi?"

"Yaya, ruwan da ko talabijin ɗinka bai taɓa ba? Wato ya shigo ya buɗe adaka, ya ɗaga takardar gona, ya ɗaga rasit ɗin mashin, ya zari diflomata ita kaɗai, ya mayar da murfi ya kulle?"

"Ruwan Allah ne. Ke za ki tsara masa abin da zai ɗauka?"

"Ke Radiyya!" Inna ta ɗaga labule. "Yayan naki kike ɗaga wa murya da sassafe? Abu in ya ɓata ya ɓata."

"Abu mai sauƙi ma," in ji Yaya Sunusi, yana mayar da takardu cikin adaka da sauri. "Ki je kotu ki yi rantsuwa cewa ruwa ya ci. Rabin garin nan da wannan takardar suke aiki."

Zuciyarta ba ta kwanta ba, amma kwana yana ƙarewa. Juma'a da safe ta je kotu. Magatakarda ya tambaye ta ko tana da alwala, ta ce tana da ita. Ta dafa Alƙur'ani ta ce diflomarta ta salwanta a ambaliya. Aka buga hatimi. Ta kama hanyar kamfani tana riƙe da takardar kamar ƙwai.

Malam Abdulganiyyu ya karanta, ya juya baya, ya sake juyowa.

"Wannan ta nuna kin rantse. Ba ta nuna kin yi karatu ba. Ki kawo wasiƙa daga makarantar taku cewa ke ɗalibarsu ce, in haɗa da wannan."

Ta kira makarantar tana tsaye a bakin get. Aka ce ta rubuto buƙata, za a duba, wata guda in Allah ya kawo sauƙi. Ta ce Litinin take so. Mutumin ya yi dariya har ya sarƙe.

Ranar Asabar da hantsi tana tsakar gida tana wanke waken awara, sai ga sallama da ƙarfi, irin sallamar da ba gaisuwa ta kawo ba. Wata dattijuwa ce baƙa, doguwa, ƙafarta duk faso, da kwalbar maganin feshi a hannu. Ta ce sunanta Yelwa, daga wani ƙauye a fadamar Kafin Hausa. Ta je shagon Sunusi ta tarar a rufe, maƙwabcin shago ya kwatanta mata gida.

"Ina Malama Radiyya?"

Radiyya ta miƙe tana goge hannu. "Ga ni, Baba."

Matar ta dube ta sama da ƙasa. "Ba ke ba. Malama Radiyya malamar gona. Fara, mai jan baki, mai takalmi mai tsini. Wadda in ta zo fadama take tsayawa a kan kwalbati tana nuna mana abu da jaka."

A gidan nan mutum ɗaya ce mai takalmi mai tsini. Shekara biyu ke nan Anti Amira tana fita sau uku a mako zuwa Kafin Hausa, wai wata ƙungiya mai tallafa wa mata manoma ta ɗauke ta aikin rubuta sunaye. Wannan Anti Amirar da in ta ga kwaɗo a banɗaki sai an je an ɗebo mata ruwa ta wanke fuska.

"Me ta yi miki, Baba?" Radiyya ta tambaya a hankali.

"Me ta yi min? Na yafa irin shinkafa zan yi dashe, ciyawa ta fito a ciki. Na tambaye ta, ta ce in je shagon Sunusi in sayi wannan in fesa. Na fesa. Ciyawa ta mutu, shinkafa ta mutu, har ciyawar kacallar da ke gefe ta yi ja. Mu shida muka bi maganarta. Da na yi mata magana sai ta ce min ita da difloma take aiki, ba da ka ba."

Labulen ɗakin Anti Amira ya motsa, sannan aka ji ƙarar sakata.

Radiyya ta karɓi kwalbar ta karanta. Maganin share fili ne, wanda ake fesawa kafin a yi shuka, ba ya barin komai mai kore. Ta zaunar da matar, ta kawo mata ruwa, ta gaya mata irin da za ta sake yafawa mai saurin nuna ko za ta riski damina. Yelwa ta saurara tana gyaɗa kai.

"To ke me ya hana su turo mana ke?"

Radiyya ta miƙe. Ta raka ta har ƙofa.

Da Yaya Sunusi ya dawo aka zauna a ɗakin Inna. Ni dai na sha jin mutum ya yi laifi ya ba da haƙuri, na sha jin ya yi laifi ya musa. A gidan Malam Shu'ibu ne aka yi laifi aka zauna ana jiran godiya.

"To tunda kin ji, kin ji," in ji Yaya Sunusi. "Wani abokina ne ya ce suna neman mace mai takardar noma. Takarda tana kwance a adaka tana shan ƙura, ke kina suyar awara. Sai in bar dama ta wuce?"

"Me ya sa ba ka kai ni ba? Ni ce mai takardar!"

"Ke yarinya ce, ba aure. In sake ki ƙauye-ƙauye mutane su ce me? Kuma gobe wani zai zo ya ɗauke ki, ki tafi da aikin gidan wani. Ita kuwa tana nan."

"Ni fa taimakonki nake yi," in ji Anti Amira daga bakin ƙofa, ta sha kuka har jan bakin ya goge. "Duk inda za ki nemi aiki sai an ce ina gogewa. Ga shi na tara miki ta shekara biyu. Ko sannu."

"Sannu, Anti. Sannu da ƙona wa mutane shinkafa da sunana."

"Ke!" in ji Inna.

"Inna, kin sani?"

Inna ta gyara ɗankwali, ta kalli bango. "Da sunanki da nata duk ba na gidan nan ba ne? Shinkafar da ake dafawa ke ba kya ci?"

"Kina kallo na tafi kotu. Kina kallo na dafa Alƙur'ani na rantse a kan ƙarya."

"Ai ba ki sani ba," Yaya Sunusi ya yi caraf. "Wanda bai sani ba babu laifi a kansa. Ki tambayi kowane malami."

"Wanda ya sani ya tura ni fa? Shi ma in tambayo masa?"

Ya hau danna casbaha da sauri kamar yana neman tasha.

Ta ce to, abin da ya wuce ya wuce, a ba ta takardarta kafin Litinin. Nan ne aka zo wurin. Diflomar tana ofishin ƙungiyar a Kafin Hausa, a cikin fayil. Su ba sa mayar da orijinal sai ranar da mutum ya ajiye aiki.

"To ta ajiye."

"Ta ajiye?" Yaya Sunusi ya zaro ido. "Aikin da ya kafu, shekara biyu, a ajiye saboda naki da ba a fara ba? Kamfanonin nan yau su buɗe gobe su rufe. Ke ba ki da tunani ne?"

Lahadi ta roƙe shi. Ta durƙusa masa har ƙasa, abin da ba ta taɓa yi ba sai gaisuwar Sallah. Ta ce Anti ta je ta ce aron takardar za ta yi na wuni ɗaya, a gani a dawo da ita. Ya ce in aka tambaya me za a yi da ita fa? Za a fara zargi. Ta ce to ita za ta je da kanta. Inna ta dafe ƙirji ta ce in ta taka Kafin Hausa ta tona wa ɗanta asiri, to kada ta ƙara kiranta uwa. Ta faɗa tana hawaye, kuma hawayen gaske ne, abin haushin ke nan.

Litinin ƙarfe goma saura Radiyya ta shiga ofishin Malam Abdulganiyyu da hijabi ruwan toka. A kan benci a waje wani saurayi yana zaune, ya rungume takardunsa masu leda suna ƙyalli. Ta jera nata a kan tebur. Malam Abdulganiyyu yana ɗauka yana yin alama da jan biro. Bakwai suka samu alama.

"Difloma?"

Gaskiya tana bakinta. Kalma biyar ce ko shida. Ta tuna Inna dafe da ƙirji.

"Ba ta samu ba, ranka ya daɗe."

Ya cire tabarau ya murza ido. Ashe shi ma mutum ne.

"Malama Radiyya, ni na san kin fi wancan na waje. Amma in masu bincike suka zo, fayil suke buɗewa, ba sa tambayar wa ya fi wani. In na sa ki babu takarda, ni za a fara kora." Ya tattara takardunta ya daidaita gefensu ya miƙa mata da hannu biyu. "Ki adana su. A wurinki."

Ba ta hau adaidaita ba. Da ƙafa ta dawo, ta bi ta kan jinga, rana na dukanta. A ƙasa mutane suna dashe, sun sunkuya cikin ruwa layi-layi.

A gida ba wanda ya tambaye ta yaya aka yi. Inna ta zuba mata abinci ta ɗora mata tsokar kifi mafi girma, wai a nan an biya ta. Da yamma ta fitar da kaskon awara. Matan layi suna wucewa suna cewa, "Ma'aikaciya, yaushe za a fara? A tuna da mu da ɗan tsakin shinkafa." Tana cewa an ɗaga. Bayan kwana uku ta daina cewa komai. Bayan mako guda ta daina fitar da kaskon. Hijaban nan biyu suna rataye a ƙusa, Anti Amira har ta tambaya ko za ta ara mata ruwan ƙasan, tunda ba ta sa shi.

Sati biyu da faruwar haka sai ga Yaya Sunusi a ƙofar ɗakinta da ledar tsire.

"Ƙanwata ta kaina. Ƙanwata mai haƙuri."

Radiyya ta kalli tsiren, ta kalle shi.

"Wata 'yar matsala ce. Masu ba ƙungiyar su Antinki kuɗi sun turo a tantance ma'aikata ranar Laraba. Kowa ya kawo takardar haihuwa, shaidar ƙaramar hukuma, NIN, takardar likita. Sai na ce kai, Allah mai iko! Ga su duk kin haɗa, sababbi fil, kuma tunda ba amfani za ki yi da su ba..."

"NIN ɗin da hotona a jiki, Yaya."

"Hoton NIN? Wa ake ganewa a hoton NIN? Nawa in kin gani sai ki ce gawayi aka ɗauka."

Radiyya ta karɓi ledar tsiren. Sannan ta ce, "To." Ta fita ta yi fotokwafin komai, ta zuba a ambulan ta ba shi. Ya leƙa ya ce fotokwafi ma ya isa, ai abokinsa yana wurin. Ya sa mata albarka har sau uku.

Laraba ya ɗauki Anti Amira a mashin ya kai ta tasha. Motar da ta biyo bayan tasu, Radiyya na ciki, da hijabi ruwan ƙasa da fayil a cinya. Inna ta zaci asibiti ta tafi.

Ofishin ƙungiyar ɗaki biyu ne da baranda. Ma'aikata kamar ashirin suna zaune a benci. Radiyya ta tsaya can baya a gindin darbejiya. A kan tebur wata mata ce da aka turo daga babban ofishi, Hajiya Adila, mai tabarau a kan hanci da wata 'yar na'ura a gabanta. Abokin Yaya Sunusi yana gefe yana miƙa fayil, gumi ya jiƙa masa wuyan riga tun kafin a yi nisa.

"Radiyya Shu'ibu!"

Mata biyu suka taso.

Anti Amira ta waiwaya. Takalmi mai tsini ya turguɗe, sai da ta dafa kafaɗar wani.

Hajiya Adila ta sauke tabarau. "Ɗaya na kira."

"Ni ce," in ji Anti Amira, da wata 'yar murya kamar ta mage. Ta ajiye ambulan.

Radiyya ta matso gaban tebur. Ta buɗe fayil ta fara jerawa a gefen fotokwafin. Takardar haihuwa. Shaidar ƙaramar hukuma. Takardar likita. Sakamakon sakandare. NIN.

Hajiya Adila ta ɗaga katin NIN, ta kalli wannan, ta kalli waccan, ta sake kallon katin. A nan kam Yaya Sunusi ya yi gaskiya, ba a gane kowa.

"Ba sai mun wahala ba," ta ce, ta turo na'urar. "Kowa ta ɗora yatsa."

"Na yi lalle," in ji Anti Amira. "Ba zai kama ba."

"Ɗora da lallen."

Ba ta ɗora ba. Radiyya ta ɗora nata, na'ura ta yi ƙara ta kawo kore. Abokin Yaya Sunusi ya ce bari ya kama ruwa, har yau bai gama kamawa ba.

Hajiya Adila ta tura Anti Amira ɗaki na biyu ta ce ta jira ta. Ta buɗe fayil ta zaro difloma. Ga ta nan, an huda mata kusurwa, an ɗora mata kofin shayi ya bar zobe a kan hatimin makaranta.

"Kina so a kira 'yan sanda?"

"A'a, Hajiya. Takardata kawai."

"Za ki sa hannu ki karɓa. Amma ki sani, a fayil ɗin nan akwai takardar gargaɗi biyu da sunanki. Ɗaya ta makara, ɗaya ta gonakin da aka ƙona."

"A cire su."

"Sai kin rubuto a rubuce. Ki haɗo da fotokwafin NIN."

Kafin Radiyya ta iso gida labari ya riga ta. Kuma ku ji yadda unguwa ta yanke hukunci. Ba wanda ya ce Sunusi ya saci takardar marainiya. Ba wanda ya ce mata shida sun rasa irin dashe. Cewa aka yi yarinyar nan ba ta da zumunci, ta fitar da sirrin gida waje, wa zai auri mai irin wannan zuciya. Shi kuwa har gobe yana sahun gaba a masallaci, adaka tana ɗakinsa, da takardun sauran ƙannensa a ciki. Ku da kuke dariya, ku je ku tambayi wanda ke riƙe da taku a gida, ku ce kuna so ku gani da ido. Ku lura da fuskarsa.

Radiyya ta tarar da Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa. Yaya Sunusi ya shige ɗaki ya rufe. Radiyya ta yi sallama, ba a amsa ba. Ta durƙusa ta gaishe ta. Inna ta ci gaba da tsinta, ba ta ɗago ba.

"Yanzu kin huta? Ga takarda kin karɓo. Ke babu aiki, ita babu aiki."

Radiyya ta gyara fayil ɗin a ƙarƙashin hammata.

"Inna, ita ai ba ta taɓa samun aiki ba. Ni ce na shekara biyu ina yi ban sani ba. Yau na je na ajiye."